Abin da ya haɗa Saitama, Gojo da Mob

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya haɗa Saitama na labarin One-Punch Man da Gojo na labarin Jujutsu Kaisen, jaruman labaran zane na Japan. A ganina kaɗaici ne. Saitama ya shekara 3 yana atisaye, kullum gudun kilomita 10, har gashinsa ya zube. Yanzu da naushi ɗaya yake gamawa da dodo, faɗa ya fita a ransa, rangwamen kanti ya fi damunsa. Gojo kuwa, da ya rasa tsara a ƙarfi, koyarwa ya kama, yana renon ɗaliban da za su kamo ƙafarsa.

Ni dai Mob, yaron labarin Mob Psycho 100 mai baiwar sarrafa abubuwa da ƙarfin tunani, shi ne ya fi taɓa min zuciya. Duk baiwarsa, sai ya shiga ƙungiyar motsa jiki ta makarantarsu, yana haki a bayan kowa, don ya burge Tsubomi, yarinyar da yake so, da guminsa. Marubuci ɗaya, mai laƙabin ONE, shi ya ƙirƙiro Mob da Saitama.