Barista, in na koma ƙasa mai arha na rabu da harajin Amurka kenan?

Wani bawan Allah ne ya turo min saƙo daga Amurka, ya ce in amsa a fili ko wasu za su amfana. Shekararsa 57, ya yi shekara 24 a can har ya samu fasfonsu, yanzu kuɗin haya da inshorar lafiya na neman cinye shi, shi ne yake so ya tattara ya koma Tailan inda ya ji rayuwa da sauƙi, ya ci gaba da ɗan aikinsa ta intanet kafin fansho ya fara shigowa. Tambayarsa ita ce in ya tafi shi da haraji sun rabu?

Alhaji, ba ku rabu ba, kuma gara ka ji yanzu tun kayanka na ɗaki. Yawancin ƙasashen duniya inda mutum yake zaune suke dubawa, ita kuwa Amurka fasfo take bi, duk inda ɗan ƙasarta ya shiga a duniya sai ya cike takardar haraji ya aika wa IRS, hukumar harajin Amurka, kowace shekara matuƙar samunsa ya kai ma'auni. Ɗan sassaucin da ake wa na waje shi ne a ɗaga musu ranar cikewa zuwa 15 ga Yuni, amma in akwai kuɗin da ake bin ka, ruwa na fara hawa kansa tun watan Afrilu.

Cikewa daban biya daban, wannan ne inda za ka ɗan numfasa. In ka yi cikakkun kwana 330 a waje cikin wata 12, ko ka tabbatar da cewa can ne mazauninka na gaskiya, doka ta yarda ka cire abin da ka samu da guminka daga lissafi har dala 130,000 a shekarar 2025, da fom mai lamba 2555. To amma kalmar gumi ɗin nan ka riƙe ta da kyau, albashi ne da ladan aiki kawai, fansho ba ya ciki, kuɗin haya in ka bar gida a Amurka ba ya ciki, ribar hannun jari ma haka. Kuma tunda ka ce aikin kanka kake yi ba ƙarƙashin kamfani ba, harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 cikin 100 yana nan a wuyanka, wancan rangwamen bai taɓa shi ba. Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami. Sannan kuɗin ajiyar ritayarka na 401(k), in ka matsu ka taɓa shi kafin shekara 59 da rabi, galibi akwai tarar kashi 10 bayan harajin kansa, kai kuma saura maka shekara biyu da ɗoriya, kuɗin Social Security, wato fanshon gwamnatin Amurka, kuwa sai ka kai 62 mafi ƙaranci. Ka zauna da biro da takarda ka ga me za ka ci a tsakanin nan.

Yanzu ɓangaren Tailan ɗin. Bizar ritayarsu daga shekara 50 ake ba da ita, ka cika wannan, sai ka ajiye kuɗinsu bat 800,000 a bankinsu ko ka nuna kana samun bat 65,000 duk wata. Sai dai ita wannan biza ba a aiki da ita, kai kuma aiki kake so ka ci gaba, don haka wadda ta fi dacewa da kai ita ce DTV da suka fito da ita a 2024 don masu aiki daga nesa, shekara biyar take yi, kwana 180 a kowace shiga. Biza kuma izinin zama ce kawai, ba ta yafe haraji. Duk wanda ya yi kwana 180 a ƙasar cikin shekara guda ya zama mazauni a idon masu karɓar harajinsu, kuma tun daga 1 ga Janairu 2024 kuɗin da ka samu a waje ka shigo da shi ana iya caje shi ko a wace shekara ka shigo da shi, matakinsu na sama ya kai kashi 35. Abin da ka tara kafin wannan rana ba ya ciki, shi ya sa nake roƙonka tun yau ka ciro takardun bankinka na ƙarshen Disambar 2023 ka adana su kamar takardar gida, don ranar da aka tambaye ka su ne shaidarka, baki ba ya wadatarwa a ofishin haraji.

Ba za a yanke ka sau biyu a kuɗi ɗaya ba in ka bi hanya, akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu, abin da ka biya a can ana rage maka shi a na Amurka da fom 1116. Amma babu mai yi maka wannan sai ka nema da kanka.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar asusun banki, don na taɓa zama da wani dattijo a kan irinsa. Mutumin kirki, bai ɓoye ko sisi ba, kuɗin biza kawai ya ajiye a bankin ƙasar da ya koma, shekara huɗu bai san akwai wani abu wai shi FBAR, fom ɗin sanar da asusun bankin waje, ba, sai da bankin ya miƙo masa takarda ya sa hannu cewa shi ɗan Amurka ne. Ya zo min da ita a ninke cikin fasfo, hannunsa na rawa yana cewa Barista me na yi. Dokar ita ce in jimillar abin da ke asusunka na waje ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, dole ka sanar da baitulmalin Amurka, bat 800,000 kuwa ya haura dala 20,000, kaga in bizar ritaya ka bi, ranar da ka ajiye kuɗin biza ranar ka shiga ciki. Bankunan kuma su ma suna kai rahoton asusun 'yan Amurka ƙarƙashin wata dokar Amurka ta 2010 mai suna FATCA. Shi dattijon Allah Ya taimake shi akwai hanyar gyara ga wanda bai yi da gangan ba, ya cike harajin shekara uku da FBAR na shekara shida ya fita, amma ya ga tashin hankali na watanni a kan fom ɗin da kyauta ake cike shi ta intanet.

Lafiya kuma kar ka yi wasa da ita, Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ba ya bin mutum waje, inshorar da za ka saya kullum ƙara tsada take yi da shekaru, a nan arhar ƙasa take zagwanyewa. Fili ma baƙo ba ya mallaka a Tailan, sai dai ɗaki a dogon bene, shi ma rabon baƙi bai wuce kashi 49 na ginin ba, kuma duk wanda ya ce ka saya da sunan ɗan ƙasa a ɓoye ka guje shi, haramun ne a dokarsu kuma kuɗinka ne zai salwanta.

In ni ne kai ba zan sayar da komai ba tukuna, zan je in yi wata huɗu ko biyar ina haya, ƙasa da kwana 180 ɗin nan, in rubuta duk abin da na kashe. In Tailan ta karɓe ka sai ka dawo ka yanke alaƙar haraji da jiharka ta Amurka yadda ya kamata, don irin su Kalifoniya ba sa sakin mutum da sauƙi in ya bar adireshi da lasisin tuƙi. In kuma ka ga harajin shigo da kuɗi zai yi maka nauyi, ka duba irin Panama, ita abin da aka samu a cikin ƙasarta take caja, bizar 'yan fanshonta kuma dala 1,000 a wata take nema, amma sai fanshon naka ya fara. Ajiye fasfon Amurka kuwa ban ba ka shawara ba, tafiya ce da ba a dawowa.

Ka turo min takardun harajinka na shekara uku da suka wuce da sunan jihar da kake, daga nan za mu fara.