Amsa: Da gaske ne Manet ya yanke zanen Degas?

Malam, ka tambaya ko da gaske ne Manet, mai zanen nan ɗan Faransa, ya yanke zanen abokinsa Degas, wanda shi ma mai zane ne, ko ƙage ne. Gaskiya ne, kuma zanen yana nan a gidan adana zane na birnin Kitakyushu, a Japan.

Wajen 1868 Degas ya zana Manet a kishingiɗe kan kujera, matarsa Suzanne kuma tana kaɗa piyano, ya ba su kyauta. Yadda fuskar matar ta fito bai yi wa Manet daɗi ba, sai ya tsaga kyallen zanen daga sama har ƙasa, ya cire gefen dama. Fuskarta, hannayenta da piyanon duk suka tafi. Da Degas ya gani, ya ɗauke kayansa, ya mayar wa Manet wani ƙaramin zanen 'ya'yan itace da ya taɓa ba shi. Daga baya ya sa aka haɗa sabon kyalle a wurin yankan don ya sake zanawa, amma bai taɓa yi ba. Shi ya sa gefen yake fayau har yau.

A ganina saɓaninsu ya fi wannan zurfi. Manet yana neman karɓuwa a Salon, babban baje kolin hukuma a Paris, don haka ya ƙi shiga baje kolin 1874 da Degas da wasu masu zane irin su Monet suka shirya da kansu.

Duk da haka, bayan rasuwar Manet a 1883, Degas ne ya bi ya sayi gutsattsarin zanen Manet na harbe Sarki Maximilian na Mexico, wanda aka yayyanka, ya haɗa su a kyalle ɗaya. Yanzu yana gidan adana zane na National Gallery a Landan.