Hukuncin riƙon kare mai firgita kafin a sama masa gida

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham ta ƙasar Ingila. Wata abokiyar aikina da ke taimakawa a wata cibiyar ceto dabbobi ta roƙe ni in riƙe musu wani kare, irin wanda ake kira sifaniyel, na mako shida, domin an ɗauko shi daga gidan da aka wulaƙanta shi, kuma hayaniyar karnukan cibiyar ta sa ya daina cin abinci. Yanzu wata uku ke nan yana wurina. Da zarar na fita aiki sai ya yi ta kuka yana kartar ƙofa, ko cokali ya faɗi sai ya shige ƙarƙashin tebur yana makyarkyata, shi ya sa na matso da shimfiɗarsa ɗakin kwanana, inda nake sallah. Wani manomi wanda ba Musulmi ba ya nuna yana so, kuma cibiyar tana karɓar kuɗi daga mai ɗauka. Wani ɗan'uwa ya ce mini tun da asalinsa karen farauta ne, babu laifi in riƙe shi dindindin. Gaskiya na saba da shi. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ceto dabbar da ke cikin wahala, kare ne ko waninsa, aikin lada ne, kuma babu saɓani a kan wannan. Saboda haka karɓarsa da kika yi na ɗan lokaci domin ya murmure a miƙa shi ga wanda zai iya da shi halas ne, kuma abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne ba ki shiga cikin hadisin tauye ƙiraɗi ba, wato hadisin da ya ce ana rage wa mai ajiye kare wani kaso na ladansa kullum, domin hadisin yana magana ne a kan wanda ya ajiye kare ya mayar da shi nasa, ke kuwa amana aka ba ki mai wa'adi.

Sai dai, 'yar'uwa, abubuwa biyu a cikin wasiƙarki suka tsayar da ni: mako shida da ya koma wata uku, da kuma jimlarki ta cewa kin saba da shi. Halaccin nan a kan wa'adi da niyyar miƙawa yake tsaye. Ranar da kika daina neman masa gida da gaske, ko kika fara laluben aibin duk wanda ya zo nema don kada a raba ku, riƙo ya ƙare, ajiya ta fara, ko da takardar cibiyar tana nan da sunan riƙo. Wannan abu ne da ke kaɗai kika san gaskiyarsa, ni ba zan iya gano shi daga wasiƙa ba.

Maganar da ɗan'uwan nan ya faɗa miki kuwa ba daidai ba ce, kuma zan ɗan tsawaita a kanta domin ta yaɗu a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Turai. Gaskiya ne cewa an raini wannan jinsi ne domin farauta, yana kutsawa cikin duhuwa ya tayar da tsuntsaye, ya ɗauko wanda aka harbo, kuma saboda ƙarfin hancinsa 'yan sanda da jami'an kwastan suna amfani da shi wajen shinshino miyagun ƙwayoyi da abubuwan fashewa. Amma shari'a ba ta rataya rangwamen a kan jinsin kare ko tarihin kakanninsa ba, ta rataya shi ne a kan buƙatar mai shi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida tana magana ne a kan dabbar da aka horar, mai ita yana sakinta ta kamo masa. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya faɗi a Risala, wadda nake zaton kin karanta ko kin ji ana karantawa a gida, cewa ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai domin gona, ko dabbobin kiwo, ko farautar da mutum yake yi don abincinsa ba don shaƙatawa ba. Idan har mafaraucin da ke fita daji don nishaɗi bai samu wannan rangwame a wurinsa ba, ina ga wadda ba ta taɓa fita farauta ba, tana kwana a asibiti tana duba marasa lafiya? Da jinsi ne abin lura, da karen makiyaya ma ya halatta ga wanda ba shi da ko akuya ɗaya, kuma babu malamin da ya faɗi haka.

Wataƙila ɗan'uwan nan ya kafa miki hujja da labarin da masu sharhin Risala suka kawo, cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Labarin hujja ne a kan mai kafa shi, domin tsoro ne da buƙatar gadi suka sa Shehin ya yi haka. Karen da ke ɓuya ƙarƙashin tebur don cokali ya faɗi, shi ne ke buƙatar a yi gadinsa. Ibn Abdil Barr ya tafi a kan cewa ajiye kare ba tare da buƙata ba makaruhi ne, bai kai haramun ba, amma ko a wannan ra'ayi mafi sauƙi ladan mutum yana raguwa kullum, kuma ban ga mai hankalin da zai zaɓi hakan ba.

Game da tsarki, a mazhabar Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai kuma bin umarni ne kawai. Sallolinki da suka gabata sun inganta. Fitsari da kashinsa najasa ne. Tun da za ki riƙa sallah cikin jama'ar da akwai Hanafawa da Shafi'awa, waɗanda ke ɗaukar yawunsa najasa, ki ware tufafin da kike hulɗa da shi a cikinsu, ki wanke inda ya lasa.

Ɗakin kwana shi ne abin da ban yarda da shi ba. Malamai sun yi saɓani ko hadisin rashin shigar mala'iku gidan da ke da kare ya haɗa da karen da aka yi izinin ajiyewa. Khaɗɗabi ya fitar da shi, Nawawi ya ce hukuncin ya game kowane kare, ya kafa hujja da ɗan kwikwiyon da ya shige ƙarƙashin gadon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba da saninsa ba, duk da haka Jibrilu bai shigo ba. Ki fitar da shi daga inda kike kwana da sallah, amma ba dare ɗaya ba, domin dabbar da aka taɓa yi wa watsi za ta ɗauki hakan a matsayin wani sabon watsin. Ki riƙa janye shimfiɗar kaɗan-kaɗan, yau bakin ƙofa, bayan kwana biyu baranda, har ta kai kicin ko wani ɗaki na baya, ki bar masa tsohuwar rigarki a kai. Wannan ma gata ne gare shi, domin karen da bai iya kwana sai da ke ba zai zauna a gidan kowa ba. Ki nemi shawarar likitan dabbobin cibiyar a kan kukan da yake yi idan kin fita, saboda maƙwabta suna da hakki. Ba ki ambaci miji ba. Idan kina da shi, sai da yardarsa, haka kuma ki duba ko yarjejeniyar hayar gidan ta yarda da dabba.

Ba wa wanda ba Musulmi ba babu laifi a ciki, kuma manomi mai fili ya fi dacewa da jinsin da ke buƙatar gudu da aiki kullum. Ki je ki ga wurin da idonki idan cibiyar ta yarda. Ki gaya masa komai, da firgitar, da kartar ƙofar, da abin da ya lalata miki, domin ɓoye aibi ha'inci ne, kuma ƙarshensa a sake dawo da dabbar cikin halin da ya fi na farko muni. Ku tabbatar an sauya bayanan na'urar shaida da ke ƙarƙashin fatarsa zuwa sunan sabon mai shi, wadda doka ta wajabta sanya wa karnuka a Ingila tun 2016. Kuɗin da cibiyar ke karɓa, idan na allurar rigakafi ne da magani da ciyarwa, bai shiga hanin cin kuɗin kare ba, ke dai kada ki karɓi komai da sunan farashinsa.

Na kuma lura cewa mai aikin dare a baƙuwar ƙasa, wadda ke dawowa gida babu mai yi mata sannu da zuwa, ba abin mamaki ba ne zuciyarta ta kama abin da ke tarbarta a bakin ƙofa. Ban ga laifinki a wannan ba, amma ki nemi majalisin mata a masallacin unguwarku, ki yawaita kiran gida. Ki kira cibiyar a wannan mako ku sa ranar miƙawa, kada ta wuce wata guda sai da uzuri na gaskiya daga wurin mai ɗauka.

Wallahu a'alam.