Wata Biyu a Tsibirin Jawa: Ƙasaru Za Mu Yi Ta Yi Har Mu Dawo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni da maigidana muna zaune a Gwarinpa, Abuja. Bana ya yi ritaya, ya ce zai kai ni Indonesiya mu zaga tsibirin Jawa kamar wata biyu. Za mu fara sauka Jakarta mu yi kwana 12 don yana son ya duba kasuwar yadi ta Tanah Abang, sai Bandung kwana 2, Yogyakarta mako guda, Surabaya kwana 3, da wasu garuruwan da ba mu tsayar ba tukuna, sannan mu koma Jakarta mu hau jirgi. Alhaji ya ce tunda ba gida muke ba, ƙasaru za mu yi daga tashinmu har dawowarmu. Ni kuma na ce wata biyu ya wuce a kira shi tafiya, cikawa za mu yi. Mun yi ta ja, shi ne muka ce a kawo wa Malam. Kuma an ce mana cunkoson motocin Jakarta ba a magana. Za mu iya haɗa salloli saboda shi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ke da Alhaji kowa ya riƙe rabin gaskiya, abin da ya haɗa ku gardama kuwa shi ne kun ɗauki wata biyun a dunƙule. Malamai ba haka suke lissafi ba. Gari gari ake bi, a tambayi matafiyi: nan kwana nawa ka yi niyyar zama?

Asalin ƙasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101. Ayar ta ambaci tsoron abokan gaba, har Sayyidina Umar ya tambayi Annabi (SAW) yaya ke nan bayan an samu aminci, ya amsa masa cewa sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Muslim ne ya ruwaito. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a Azahar, La'asar da Isha'i. Magariba da Asuba ba a taɓa su.

Nisan da ake ƙasaru a kansa mil 48 ne, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala, wato kilomita 80 da 'yan kai a lissafin yanzu. A wurin nan kuma ya ce wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a wani wuri, ko abin da zai sallaci salla 20, to ya cika har sai ya bar wurin. Shafi'iyya ma kwana 4 suka ce, ban da ranar shiga da ta fita. Hujjar ita ce Annabi (SAW) ya yarje wa Muhajirai su yi kwana 3 a Makka bayan kammala aikin hajji, alhali an hana su komawa zama a cikinta, sai aka fahimci kwana 3 bai fitar da mutum daga matafiyi ba, abin da ya haura kuwa zama ne. Hanafiyya sun kai iyakar kwana 15.

Alhaji ma yana da abin kafa hujja. Ibn Abbas ya ce Annabi (SAW) ya yi kwana 19 yana ƙasaru, a Tabuka kuma an ruwaito kwana 20, sannan Ibn Umar ya yi wata 6 a Azarbaijan yana ƙasaru lokacin da ƙanƙara ta tare hanya. A kan irin waɗannan Ibn Taimiyya ya tafi cewa mutum matafiyi ne muddin bai mai da wuri mazauni ba. Amma jumhur, wato akasarin malamai, sun amsa da cewa zaman nan duka na jiran buƙata ne, ba a san ranar tashi ba, yau ne ko gobe. Ku kuwa kun biya kuɗin otal na kwana 12, tikitinku da kwanan wata a jiki. Ban ga yadda za a auna wannan da mayaƙin da ke jiran umarni ba. Don haka abin da nake ba ku fatawa da shi shi ne kwana 4.

A Jakarta, daga shigarku garin cikawa za ku yi, tunda da niyyar kwana 12 kuka shiga. Ba wai za ku yi ƙasaru kwana 4 na farko sannan ku fara cikawa ba. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Juma'a ma ta hau kan Alhaji a wannan zaman, ga kuma masallacin Istiƙlal da aka buɗe a 1978, mafi girma a kudu maso gabashin Asiya. In kun fita yini guda zuwa Bogor, kusan kilomita 60, wannan bai kai nisan ƙasaru ba, tamkar mai zuwa Keffi ne daga Abuja.

Ranar da kuka ɗaura kaya zuwa Bandung, da zarar kun bar gidajen gari kun koma matafiya, kuma kwana biyun can duka ƙasaru ne. Ko da jirgin ƙasan nan mai gudu da aka buɗe a 2023 kuka hau, wanda ke cin kilomita 142 cikin ƙasa da awa guda, rangwamen na nan, domin shari'a da tafiya ta rataya shi ba da gajiya ba. Yogyakarta cikawa, Surabaya ƙasaru. Garin da kuka shiga ba ku tsayar da ranar fita ba, ku yi ta ƙasaru ko an daɗe, har ranar da kuka yanke shawarar ƙara kwana 4, sai ku cika daga lokacin. Komawarku Jakarta a ƙarshe sabon lissafi ne: in kwana biyu za ku yi kafin jirgi, ƙasaru.

Wajen ƙirgar kuwa, ranar da kuka shiga bayan alfijir ba ta ciki. In kun iso Litinin da rana za ku tashi Alhamis, matafiya ne ku. In sai Asabar, Talata zuwa Juma'a sun cika huɗu, sai cikawa.

Wataƙila wani ya ce muku Malikiyya sun karhanta ƙasaru a tafiyar wasa. Haka ne, kuma misalin da suke bayarwa shi ne mai farauta don nishaɗi kawai. Mutumin da ya gama aikin gwamnati ya ɗauki iyalinsa su huta, su ga 'yan'uwansu Musulmi, ya leƙa kasuwa, ban sa shi a wannan layin ba. Haka nan maganar cewa shiga garin da matar mutum take yana yanke ƙasaru, ana nufin garin da take zaune ne. Ke da kike tafe da shi ba ki mai da ɗakin otal gida ba.

Batun cunkoso, a kwanakin da kuke cikawa ba uzuri ba ne na haɗa salla. Garin Musulmi ne, da wuya ku shiga babban kanti, tashar jirgin ƙasa ko gidan mai ba ku ga ɗan ɗakin salla ba. Ku yi salla kafin ku shiga mota, ku riƙa fita da alwala. Haɗa Azahar da La'asar ko Magariba da Isha'i na ranakun da kuke kan hanya ne tsakanin gari da gari.

Duk lokacin da kuka bi liman mazaunin gari, raka'a huɗu za ku yi tare da shi ko da kuna matafiya. Mutanen Jawa akasarinsu Shafi'iyya ne. Za ku ji liman ya bayyana Bismillah kafin Fatiha, a Asuba kuma galibi ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage, saɓanin namu da ake yi a asirce kafin ruku'u. Ku bi shi, sallarku ta yi, kada Alhaji ya tsaya gyara wa mutane salla a ƙasarsu.

Alƙibla can yamma take, ta ɗan karkata arewa, don haka kada sabo ya sa ku fuskanci gabas. Otal-otal da yawa sukan manna 'yar kibiya a silin ɗaki ko cikin durowa, ku duba. Agogonsu ya riga namu da awa 6, kuma lokacin wurin da kuke shi ne naku, har a filin jirgin da za ku yada zango. Ku gyara manhajar salla ta wayarku tun kafin ku fita daga filin jirgin Jakarta.

Wallahu a'alam.