Tambaya da Amsa: In biya Google kuɗin talla, ko in jira shafina ya hau da kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan sola a Kano, wato faranti da batura da inbata, kuma wata shida ke nan da aka buɗe mini shafin intanet, amma masu shigarsa ba su taka kara sun karya ba. Wani matashi ya ce in ba shi kuɗi ya saka mini talla a Google, wani kuma ya ce talla asarar kuɗi ce, shi zai gyara shafin ya kai shi layin farko cikin mako biyu. Jarina ba shi da yawa. Wanne ya kamata in bi?
Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Idan mutum ya rubuta "farashin batirin sola a Kano" a Google, sakamako iri biyu ne ke bayyana masa a fuska ɗaya. Na can sama, waɗanda ke ɗauke da alamar cewa talla ne, masu su sun biya kuɗi. Na ƙasansu kuwa Google ne ya jera su da kansa, gwargwadon yadda ya ga sun amsa abin da aka nema. Matashin farko yana yi maka tayin gurbin sama, na biyu yana yi maka alkawarin na ƙasa, kuma ya kamata ka sani tun yanzu cewa biyan kuɗin talla ba ya ɗaga shafi a jerin ƙasa ko da taki ɗaya.

Tsarin tallan ya fara ne a shekarar 2000 da sunan AdWords, aka mayar da shi Google Ads a 2018, kuma gwanjo ne ake yi duk lokacin da wani ya yi bincike. Kai ne za ka zaɓi kalmomin da kake so tallanka ya fito a kansu, ka faɗi iyakar abin da za ka iya biya idan an latsa, ka kuma ƙayyade kuɗin da za a kashe a yini. Ba wanda ya fi tayi ne kaɗai ke cin gwanjon ba, domin ana duba ko tallan ya dace da abin da aka nema, da kuma ingancin shafin da mai latsawa zai sauka a kai. Amfaninsa shi ne sauri: tallan da aka amince da shi zai iya kawo maka mutane a cikin kwana ɗaya ko biyu. Illarsa kuwa ita ce ranar da kuɗin suka ƙare, ranar ce mutanen za su ɗauke ƙafa.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka zauna ka yi lissafi irin wanda ka saba yi a shago. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa kowace latsawa ta ci maka naira 200. Mutum ɗari sun ci naira 20,000 ke nan. Idan biyu daga cikinsu suka saya, kowane mai saye ya zo maka a kan naira 10,000. In inbata ka sayar wadda ribarta ta kai naira 40,000, tallan ya biya kansa har ya bar maka riba. In kuwa 'yar fitilar sola ce mai ribar naira 1,500, to kana cin uwar kuɗi ne ba ka sani ba. Wannan ne ya sa nake ganin sana'arka tana cikin waɗanda talla ya dace da su, muddin ka tsaya kan manyan kaya, ka taƙaita tallan ga Kano da garuruwan da kake iya kai kaya, ka kuma toshe kalmomi irin su "kyauta" da "neman aiki" don kada waɗanda ba saye ya kawo su ba su cinye maka kuɗi. Akwai kuma wani cikas da ya shafe mu kai tsaye: Hausa ba ta cikin harsunan da Google Ads ke karɓar talla da su, saboda haka da Turanci za a rubuta tallan, kuma shafin da zai kai mutane ya kasance da Turanci.

Hawa jerin ƙasa, abin da masu sana'ar ke kira SEO, ya fi kama da noma, domin sai an yi shuka an jira. Ba a biyan Google komai, amma ana biya da lokaci da wahalar rubutu. Tun kafuwarsa a 1998, Google yana auna darajar shafi da yawan wasu shafuka masu mutunci da suka yi nuni zuwa gare shi, sannan daga baya ya ƙara ma'aunai da dama, ciki har da yadda shafin ke buɗuwa a wayar hannu, wadda da ita ce yawancin masu sayenka ke shiga intanet. Shi kansa kamfanin ya taɓa shawartar masu shafuka su sa ran wata huɗu zuwa shekara guda kafin su ga amfanin irin wannan aiki, kuma yana gargaɗin cewa babu wanda zai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya. Saboda haka alkawarin mako biyu da aka yi maka ba gaskiya ba ne. Masu irin wannan alkawari sukan sayo ɗaruruwan mahaɗai, wato wuraren latsawa masu nuni zuwa shafinka, daga shafukan banza, alhali tun 2012 Google ya ɗaura ɗamarar yaƙi da wannan dabara, kuma shafin da aka kama yana iya nutsewa ƙasa da inda yake a da. Abin yana damuna ƙwarai, domin masu ƙaramin jari irinka ne aka fi cuta da wannan alkawari, su ne kuma asarar ta fi yi wa ciwo.

Sai dai a nan ne Hausar da ta zama cikas a talla take zama riba. Rubutun Hausa a kan kayan sola bai da yawa a intanet, ga shi kuwa tambayoyin da ake yi maka kullum a shago su ne mutane ke rubutawa a wayoyinsu: faranti nawa ne zai ɗauki firji, me ya bambanta batirin litiyom da mai ruwa, me ya sa inbata ke kuka da daddare. Ka ba kowace tambaya shafinta, ka amsa ta da ilimin da ka tara, ka sa hotunan aikin da ka yi da hannunka, ka rubuta farashi tare da ranar da ka sabunta shi. Wanda ya sami amsa ta gaskiya a wurinka, da wuya ya tsallake ka ya je wani shago ranar da ya tashi saye.

Shawarata ita ce ka fara da abubuwa biyu da ba su cin ko kwabo: ka yi wa shagon rajista a Google Business Profile don ya riƙa fitowa a taswira da lambar waya da lokutan buɗewa, ka kuma haɗa shafinka da Search Console, wanda zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta kafin su gan ka. Bayan haka ka ware kuɗin da asararsu ba za ta girgiza shagon ba, ka yi talla na wata ɗaya a kan kaya biyu ko uku mafi riba. Ka tabbata da adireshinka na imel aka buɗe asusun tallan, don kada ranar da kuka raba gari da matashin ya tafi da shi. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙo ta WhatsApp, ka tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta a littafi. A ƙarshen watan za ka ga kalmomin da suka kawo ciniki da waɗanda suka kawo 'yan kallo, kuma a kan na farkon ne za ka fara rubuta shafukanka na Hausa da na Turanci.