Filin Tambaya da Amsa: Jan babbar wayar batir daga but zuwa inji

Tambaya: Assalamu alaikum. Na mayar da batirin motata cikin but don in samu wuri a gaban inji. Mai rewaya ya ja babbar waya ta ƙarƙashin motar, ya kama ta da 'yan maɗauran roba. Tun daga nan kik ya yi nauyi. Bai sa fiyus ba, ya ce wayar kik ba ta buƙata. Haka ne? Daga Malam S.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da fiyus, don shi ne ya fi damunmu. Gaskiya ne a motoci da yawa kamfani ba ya sa fiyus a wayar kik, amma wannan waya gajeriya ce. Taka kuwa ta kai mita 4 zuwa 5, tana bin jikin ƙarfe tun daga baya har gaba, kuma bodin mota gaba ɗaya negatif ne. Ranar da robar wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya nan take, wayar ta yi ja, roba ta kama wuta. Zare makulli ba ya tsayar da wannan. Ka sa babban fiyus irin ANL ko MEGA a bakin fositif, kada nisansa da batir ya wuce santimita 18, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da kariya. Ƙaramin injin fetur yakan ja amfiya 150 zuwa 250 wajen tashi, don haka fiyus na 250 yakan isa. Dizal na neman fiye da haka. Amma kada girman fiyus ya fi ƙarfin wayar, waya yake karewa.

Nauyin kik kuma, wuta ce ke zubewa a hanya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 35, tsawon mita 5, tana cinye kusan rabin volt idan kik ya ja amfiya 200. Mai 50 tana cinye kusan 0.35, ita muke ba da shawara. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: idan cikin zaren fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma wutar da yake ɗauka ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe zalla ba.

Sau da yawa ma laifin yana wajen negatif. A ɗaure shi a ƙarfen bodi mai kauri da waya daidai da ta fositif, a goge fenti sai ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da noti da washa, sannan a shafa giris saboda tsatsa. A gaba kuma a sa wata mai kauri daga bodi zuwa jikin inji. In babu ita, wuta za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta kuloci, har ta ƙona su. Gwajin ba wuya: a saita mitar awon wuta a kan volt, baki ɗaya a fositif ɗin batir, ɗaya a kan kik, wani ya murza makulli. In ya haura 0.5, da matsala. A gefen negatif kada ya wuce 0.3.

Tambaya: Ta ciki ya fi ko ta ƙarƙashi? Kuma da me ake kama wayar? Daga Hajiya R.

Amsa: Hajiya, ta ciki muka fi so, ƙarƙashin kafet, ta gefen dokin ƙofa, nesa da notin kujera da wayoyin jakar iska. A can ba dutse, ba ruwa, ba zafin salansa. In ta kama dole a bi ta ƙasa, a zura wayar cikin bututun roba mai gaɓa-gaɓa, a ɗaga ta sama da layin shasi, a kauce wa inda ake kafa jak. Tsakaninta da salansa a bar aƙalla santimita 15, in ba hali a sa mata rigar zafi. Kada a kuskura a ɗaure ta da bututun mai ko na birki. In ta yi tartsatsi a nan, hasarar ta zama biyu.

Maɗauran roba zafi na busar da su su karye, waya mai nauyi ta sauko tana lilo. Abin da ya dace shi ne kilif na ƙarfe mai roba a ciki, a ɗaure shi da noti duk bayan santimita 30 zuwa 45, a ƙara ɗaya kafin kowace kwana da bayanta. Kafin a huda rami a leƙa bayan ƙarfen, tankin mai yana nan kusa.

Inda aka fi samun gobara shi ne ramin da waya ke ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota. Bakin ramin kaifi ne da shi kamar reza, girgiza kuma tana goga wayar a kai kullum. Dole a sa zoben roba daidai kaurin wayar, da kilif a kowane gefe, don kada nauyinta ya hau zoben. Naɗa salatif ba ya maye gurbinsa. Daga kilif na ƙarshe zuwa kik a bar ɗan sassauci, saboda inji yana motsi a kan kujerunsa. Waya in ta ɗame, a bakin tamina, wato ƙarfen da ake matsewa a ƙarshenta, take tsinkewa.

Taminonin a matse su da injin matsi, ba da guduma ba, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. In aka haɗa su da dalma, tana shiga cikin zaren ta sandarar da shi, girgiza ta karya shi daga baya. Batirin kansa a ɗaure shi cikin akwati da noti har jikin bodi, a rufe kan fositif da hular roba, a fitar da bututun numfashinsa waje saboda iskar haidurojin da yake fitarwa lokacin caji. Wajen aiki negatif ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe.