Raunin fagen daga bayan an dawo gida: likita ya amsa tambayoyin sojoji da iyalansu

Tambayoyin wannan karon sun zo ne daga gidajen sojoji a Damagaram da kewaye. An ɓoye sunayen masu tambaya. Abin da ke nan bayani ne domin a san abin yi a gida da lokacin da ya kamata a koma asibiti, ba ya maye gurbin likitan da ya ga mikin da idonsa.

Tambaya daga Sabon Gari: Likita, motar su ƙanena ta taka nakiya a yankin Diffa, an yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. Yau sati biyar, yana gida. Yaushe za a sa masa ƙafar roba? Kuma yana cewa yatsun ƙafar da aka yanke suna masa zafi kamar garwashi. Inna ta ce iska ce.

Amsa: Malam, Allah Ya ba shi lafiya. Ƙafar roba ba kalanda take bi ba, dungun take bi. Sai mikin ya rufe, kumburin ya sace, dungun ya tsuke ya yi siffa mai kyau. Idan babu ruɓa, ana kaiwa nan tsakanin sati shida zuwa wata uku. Raunin nakiya yakan fi haka jinkiri, domin fashewar tana cusa ƙasa da tsumman wando da gutsuren ƙarfe cikin nama.

Abu biyu ke hana mutane samun ƙafa, kuma duka biyun a gida ake ɓata su. Na farko ɗaurin dungu. A samu bandeji mai talewa, faɗin santimita 10, guda biyu, ɗaya na jiki ɗaya na shanya. A karkace ake naɗa shi, kamar ana rubuta lamba 8, a fi matsewa a can ƙarshen dungu, ana sassautawa yayin da ake hawa, har a wuce gwiwa. Idan aka naɗa shi zagaye-zagaye kamar gammo, yana shaƙe jini daga sama, ƙarshen dungun ya kumbura ya zama kamar kan tulu, kuma irin wannan ba ya shiga kwandon ƙafar roba, wato wurin da ake zura dungun. A warware a sake ɗaurawa duk bayan awa huɗu zuwa shida, dare da rana, in ban da lokacin wanka. In ya ji bugun jini ko dungun ya yi sanyi ko ya canja launi, an matse da yawa, a kwance nan take.

Na biyu gwiwa. Masu jinya saboda tausayi sukan cusa matashi a ƙarƙashin gwiwar, shi ma yakan zauna dungun na reto daga bakin gado. Cikin ƴan makonni jijiyoyin bayan gwiwa su ƙanƙance, gwiwar ta ƙi miƙewa, kuma gwiwar da ta lanƙwashe ba a tafiya a kanta. A cire matashin. In zai zauna kan kujera, a sa katako a ƙarƙashinsa wanda zai tallafe dungun a miƙe. Ya riƙa yin ruf da ciki minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a yini. Kullum da yamma a wanke dungun da sabulu marar ƙamshi, a tsane shi sarai, ya duba ƙarƙashinsa da ƙaramin madubi. Abinci kuwa wake, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli, nama in an samu. Taba tana jinkirta warkewa, ya bar ta. Ku kuma nemo tsohuwar kujera a fafe tsakiyarta a ɗora kan ramin masai, domin tsugunno da ƙafa ɗaya shi ke kayar da mutane a kan dungu, ɗinki ya farke.

Ku kai shi wurin likitan motsa gaɓoɓi, wanda ake ce wa kine, a babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, kada ku jira sai ranar awon ƙafar roba. Idan an ba shi ƙafar, ya fara da rabin awa zuwa awa ɗaya, ya cire ya duba fata. Jan da bai ɓace ba bayan minti 20 alama ce ta gugar kwando, a koma a gyara, kada ya daure. Dungun zai ci gaba da ramewa a shekarar farko, ana cike gurbin da ƙarin safa, daga baya a sake kwandon. A zafin Afrilu da Mayu gumi ke jawo ƙuraje, ya canja safa sau biyu a yini.

Ku faɗa wa Inna ba iska ba ce, kuma ba hauka ba ne. An yanke ƙafar, amma wurinta a ƙwaƙwalwa yana nan, jijiyoyin da aka datse kuma suna ci gaba da aika saƙo. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Ga abin da ba ya cin kuɗi: ya zauna ya miƙe ƙafafu, a tsayar da dogon madubi a tsakaninsu yana fuskantar ƙafa mai lafiya, dungun yana ɓoye a baya. Ya riƙa motsa yatsu da idon sawu a hankali yana kallon madubin, kamar ƙafafu biyu yake gani. Minti 15 kullum, wata guda. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan. Akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitriptyline da gabapentin, likita ke rubuta su a ordinas, wato takardar sayen magani, ana farawa da kaɗan, kuma sukan ɗauki sati biyu ko fiye kafin a ga aikinsu. Tramol na masu tebur kuwa ku yi nesa da shi. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na kan titi yakan kai 200 ko 225. Yana kama mutum, yana kuma jawo farfaɗiya.

Tambaya daga Miriya: An harbe ni a cinya shekara biyu da suka wuce, ƙashi ya karye, an yi aiki. Akwai gutsuren ƙarfe da aka bari. Yanzu wani ɗan rami yana buɗewa yana zubar da mugunya, in na sha magani ya rufe, bayan wata biyu ya dawo.

Amsa: Ɗan'uwa, barin gutsuren ƙarfe ba sakaci ba ne. Nama yakan lulluɓe shi ya zauna lafiya shekara da shekaru, kuma tono shi yakan fi shi ɓarna. Ana cire shi ne idan yana cikin gaɓa, ko yana danne jijiya, ko shi ne matattarar ruɓa. Abu ɗaya ka riƙe: duk ranar da aka ce za a sa ka injin IRM mai ɗaukar hoton cikin jiki, ka ce akwai ƙarfe a jikinka, domin injin maganaɗisu ne mai ƙarfi.

Ramin nan mai rufewa yana buɗewa shi ne abin damuwa. Wannan tafiyar ruɓar ƙashi ce. Galibi akwai guntun ƙashi da ya mutu a ciki, jini ba ya kai masa, to maganin da ka sha ma ba ya kai masa, tunda jini ne motarsa. Ƙwayoyin cutar kan yi lamo ne su sake tasowa, kuma kowane zagayen kafso da ka saya da kanka horo kake ba su. Ana buƙatar hoton ƙashi, wato radiyo, da gwajin jini, sannan likitan ƙashi ya buɗe ya kankare mataccen, ya ɗauki samfur daga ciki a gano ƙwayar cutar, a bi da maganin da ya dace da ita, yawanci kamar sati shida. Kada a tura garin magani cikin ramin, kada maɗori ya ɗaure shi. Zazzaɓi da rawar sanyi, ko cinyar ta kumbura ta yi zafi ramin kuma ya toshe, wannan tafiyar asibiti ce a ranar.

Tambaya daga Zango: Tun da bam ya fashe kusa da ni kunnen dama yake shuu, ji ya ragu. Sati uku ke nan. An ce in ɗiga man zaitun.

Amsa: Kada ka ɗiga komai, ko mai ko ruwan albasa ko maganin farmasi da ba a rubuta maka ba. Mai yiwuwa fatar dodon kunne ce ta huje, kuma mafi yawan irin wannan hujin yana rufewa da kansa cikin wata uku muddin kunnen ya zauna a bushe. Lokacin wanka ka toshe da auduga da aka shafa wa basilin. A alwala shafa ce da ɗanyen yatsa, ba zuba ruwa ba. Kada ka face hanci da ƙarfi. Likitan kunne ya leƙa yanzu, ya sake leƙawa bayan wata uku, in bai rufe ba ana yi masa faci. Ƙarar kan fi damu da dare, ƙaramin rediyo a ƙasa-ƙasa yana rage ta. Idan akwai jiri, amai, ciwon kai mai ƙaruwa ko mantuwa, ka faɗa, domin iskar fashewa tana girgiza ƙwaƙwalwa ko da babu jini a kai.

Tambaya daga Garin Malam: Maigidana ya dawo daga daji wata biyar ba rauni a jikinsa. Amma ba ya barci, yana zabura da ihu cikin dare. In kabu-kabu ya yi ƙara sai ya faɗi ƙasa. Ranar hawan salla da aka buga bindiga a ƙofar fada ya kulle kansa a ɗaki har magariba. Yara na tsoronsa. An yi ruƙiya sau uku.

Amsa: Baiwar Allah, maigidanki yana da rauni, ido ne kawai ba ya ganinsa. Jikin da ya yi watanni yana jiran harbi yakan kasa gane cewa an dawo gida. A makonnin farko da yawa suna yin haka. In ya wuce wata ɗaya ana mafarkin abin, ana gudun duk abin da ke tuna shi, ana zabura, ga saurin fushi, to ya zama ciwon da ke da suna da magani, ana kiransa ciwon firgici bayan masifa. Ba ragwanta ba ce, ba kuma raunin imani ba. Addu'a a ci gaba da ita, a haɗa da asibiti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruƙiyar da ake duka ko ɗauri ko turnuƙe mutum da hayaƙi a rufaffen ɗaki. Wanda ya ga yaƙi, wannan ƙara masa ake yi.

Maganin da ya fi aiki zama ne da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, sau ɗaya a sati, kamar zama 8 zuwa 12, ana bin abin da ya faru daki-daki har ya daina yi masa dirar mikiya. Akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline ko fluoxetine, ba sa aiki sai bayan sati huɗu zuwa shida, nan ne mutane ke cewa ba su da amfani su watsar. Diazepam, wato baliyam, yana sa barci yau, amma ba ya warkar da wannan ciwon, kamu yake yi. Ya fara da likitan bariki ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. In ya ƙi jin taki, nemi abokin aikinsa da yake girmamawa ko wansa ya raka shi. Soja ya fi saurin bin soja.

A gida, in yana mafarki kada ki taɓa shi, ki tsaya nesa ki kira sunan da kike kiransa da shi, ki ce yana gida a Damagaram. Ya rage shayi mai ƙarfi bayan la'asar. Kada ki matsa ya ba da labari, in ya fara kuma kada ki ce ya manta. Makami kada ya kwana a ɗaki. Idan ya ce gara ya mutu, ko ya fara raba kayansa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sannan kada a bar shi shi kaɗai har a kai shi asibiti a ranar. In kuwa hannunsa ya fara kaiwa gare ki ko yaran, ku koma gidan dangi tukuna, jinyar ta ci gaba daga can.

Tambaya daga Birni: Ɗana ya rasu a bakin daga, an binne shi can, ba mu ga gawa ba. Matarsa na takaba da ciki wata shida, ba ta ci, ba ta barci. Ɗansu mai shekara biyar mun ce masa babansa ya yi tafiya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi shahadarsa, Ya ba ku haƙuri. Gidaje da yawa a ƙasar nan sun ɗanɗani wannan. Sojoji 71 da suka faɗi a Inates ranar 10 ga Disamba 2019 a sansanin sojin sama na Yamai aka binne su, kusan kilomita 900 daga nan, wata guda bayan haka kuma aka rasa 89 a Chinagodar. Wanda bai ga likkafani ba zuciyarsa takan ci gaba da sauraron sallama a ƙofa. Abin da ke taimakawa shi ne wani abu da za a riƙe: a nemi wanda ya halarci jana'izar ya zo ya faɗa mata yadda aka yi, a karɓo kayansa, in hali ya yi a ziyarci kabarin bayan ta haihu.

Surukarki mutum biyu ce yanzu. Takaba ba ta hana zuwa awo da rana, malamai sun yarda da fita don lalura. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini da na kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a awo, a duba hawan jini kowane zuwa. Kada a ce sai ta cinye kwano, a ba ta kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, fura da nono, kunun gyaɗa, dabino. Maganin barci kada ta sha sai da likita. Kuka ba rashin tawakkali ba ne, a bar ta ta yi. Amma in ta daina wanka, ta daina magana, ko ta ce ba ta son rayuwa, a faɗa wa ungozomar asibiti ba tare da jiran arba'in ba, kuma a sa mata ido sosai a makonnin bayan haihuwa.

Yaron kuwa a faɗa masa gaskiya da gajerun kalmomi: Baba ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifinka ba ne, mu muna nan. Mai tafiya ana jiransa, kuma wata rana a bakin yaran unguwa zai ji. Zai sake tambaya sau goma, a ba shi amsa iri ɗaya. Fitsarin kwance ko manne wa uwa na ƴan makonni ba abin duka ba ne. A ajiye masa hoton babansa da hularsa, a riƙa kiran sunansa a gidan, a bar shi ya miƙa sadaka da hannunsa ranar Juma'a.

A kuma sa namiji ɗaya mai natsuwa a dangi ya tattara takardu tun yanzu: ta mutuwa, ta aure, ta haihuwar yaron, da lambar aikin mamacin, a yi kofi a ajiye asalin. Jaririn da ke tafe a yi masa takardar haihuwa da sunan mahaifinsa da zarar an haife shi, a kai ofishin bariki a ƙara shi cikin fayil.